Dogo da Sandar Gajere: Abin da Ke Wahalar da Dogaye a Teburin Sinuka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba, da waɗanda suka fi son su bi magana a hankali da idonsu. Yau sinuka za mu buga, kuma da dogaye nake. Gajeru ku ma kar ku tashi, akwai rabonku a ciki.

Tsawona ƙafa 6 da inci 3. A Gidan Igwai tun ina sakandare Falwaya ake ce mini, har yau akwai abokan da ban tabbata sun san sunana na yanka ba. Wani yammaci ina shekarar ƙarshe a jami'a, na biya wata rumfar sinuka da muka saba zama. Ƙwallo ɗaya ta rage mini kafin baƙa. Na so in bugi farar daga ƙasa don ta dawo baya bayan ta jefa tawa rami. Na duƙa, na saita, na saki hannu. Sai ji na yi kyaaat! Kan sanda ya nutse cikin ƙyallen tebur, ya farke shi kusan tsawon yatsa, farar kuma ta yi tsalle ta faɗa ƙasa.

Mai teburin, wani dattijo da muke kira Baba, ya taso ya dafa wurin, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce: "Kai yaro, wanga ƙyalle ka san nawa nis saye shi? Dogo da hankali dace na!" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba a yi haƙuri, zan biya." Na kuwa biya, kuɗin handawut ɗina na wannan watan a nan suka tafi. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne na yarda da maganar da kowa ke faɗa, cewa dogo ba ya iya sinuka, hannunsa ya yi masa yawa. Sai da na shekara biyu ban taɓa sanda ba.

Daga baya na gane ba hannuna ne ya yaga ƙyallen nan ba. Lissafi ne ya yaga shi. Lissafin nake so mu yi tare yau.

Kafin nan, mu daidaita suna. Abin da muke kira sinuka a rumfunanmu, mai ƙwallaye 15 masu lamba, rabi masu zane rabi marasa zane, da baƙa mai lamba 8, a duniya pul ake ce masa, wasan Amurkawa. Sinuka ta asali daban take. Hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro ta a Indiya, ana danganta farkonta da garin Jabalpur a 1875, kuma ana buga ta da jajayen ƙwallaye 15 da masu launi 6 a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Ni dai zan ci gaba da cewa sinuka kamar yadda muka saba. Amma bambancin yana da amfani ga dogo ta wuri ɗaya: tsayin tebur daga ƙasa. Na sinukar asali yana kai inci 34 ko kusa da haka. Na pul, a ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, tsakanin inci 29 da kwata ne zuwa 31. Wato irin teburin da muke bugawa a kai ya fi wancan ƙasa da 'yan inci. Wanda kafinta ya haɗa a unguwa kuwa, tsayinsa sai abin da katako ya bayar. Dogo tun bai ɗauki sanda ba an riga an ci shi tarar duƙawa.

To, mu zo kan jiki. Hannu biyu ke aiki. Na gaba shi ne wanda kake shimfiɗawa a kan tebur, ka ɗaga babban yatsa ko ka zagaye sanda da manuniya, sandar ta riƙa zamewa a kai. Turawa gada suke kiran wannan shimfiɗar, don a kanta sanda ke wucewa. Na baya shi ne mai riƙe gindin sanda, shi ke bugu. Duk abin da za ku ji masu koyarwa suna gardama a kai, akwai abu ɗaya da kusan dukkansu suka haɗu a kai: a daidai lokacin da kan sanda zai taɓa farar ƙwallo, sangalin hannunka na baya, wato daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya kasance a tsaye cak, yana kallon ƙasa kamar igiyar guga a rijiya.

Me ya sa? Ka ɗauki gwiwar hannunka a matsayin ƙusa a bango, sangalin kuma igiyar lilo. Hannun da ke lilo ba ya tafiya a miƙe, baka yake zanawa. Yana saukowa daga baya, ya kai can ƙasa a daidai ƙarƙashin gwiwa, sannan ya fara hawa sama yana nufar ƙirji. A wannan wuri na ƙasan ne kawai hannun ke tafiya a kwance, kuma a nan ne gudunsa ke cika. Yanzu ka tuna sanda tana kwance a kan hannun gaba kamar sikeli. In gindinta ya yi sama, kanta ƙasa zai yi. Saboda haka in ka riga ka wuce wurin nan kafin ka taɓa ƙwallo, hannunka yana kan hawa, kan sanda yana kan nutsewa. In ka nufi ƙasan farar ƙwallo a haka, ƙyalle za ka samu kafin ƙwallo.

Abin da ya faru da ni ke nan a rumfar Baba. Sandar da aka saba sayarwa tsawonta inci 57 ne ko 58. An yi ta ne don mai matsakaicin tsayi. In ka bar inci 10 tsakanin hannun gaba da kan sanda, saura inci 47 zuwa gindi. Dole hannuwanka biyu su shiga cikin wannan inci 47 ɗin. Ni kuwa in na miƙe hannun gaba sosai na duƙa, wurin da sangalina na baya ke ratayewa a tsaye yana bayan gindin sandar, a iska. Babu itace a wurin. Ba ni da zaɓi sai in matso da hannun gaba da gwiwa don in kama wani abu. Ka ga ke nan tun kafin in fara bugu lilona ya wuce tsakiya.

Ƙari a kan haka, sandar rumfa ba kasafai take cika inci 57 ɗin ba. Ku lura da kyau. Duk lokacin da bakinta ya tsage, mai tebur ba ya yar da ita, yanke wurin yake yi ya manna sabuwar fata. Yau an rage rabin inci, bayan wata biyu an rage wani. Ban ga laifinsa ba, sana'a ce, kuma mu ne muke fasa su da buga gindi a ƙasa da wasan banza. Wasu kuma da gangan suke ajiye gajeru, saboda wurin ya matse. Tebur mai ƙafa 7 filin wasansa inci 78 ne a tsawo, 39 a faɗi. In kana son sanda mai inci 57 ta zagaya ko'ina ba ta taɓa bango ba, sai ka samu ɗaki mai ƙafa 16 a tsawo da kusan 13 a faɗi. Rumfa nawa ce a unguwanninmu ke da wannan filin? Sai ka ga dogo yana fama da sandar da ko hammatarsa ba ta kai ba, ana yi masa dariya. Kayan aro ai ba ya rufe katara.

Jiki kuwa ba ya zama haka nan, sai ya nemo dabara, kuma dabarun da dogo ke faɗawa da kansa kusan duk munana ne. Wani ya matso da hannun gaba dab da ƙwallo, ya bar inci 4 ko 5, sai bugun ya koma tsokana, babu wurin ja da baya. Wani ya ƙi duƙawa, ya tsaya a sama yana leƙen ƙwallo kamar mai leƙen tukunya, sai layin ya ɓace masa. Wani in ya ga hannu ya bugi ƙirji ba ƙarfi, sai ya ƙara da kafaɗa, gwiwa ta faɗi, sanda ta yi gefe. Mafi yawa kuma, ni ma a ciki, sai mu haɗe ƙafafu mu lanƙwashe gadon baya kamar ƙugiya don mu gajarce kanmu. Bayan wasa biyar ka miƙe ka ji ƙugu yana maka magana.

Yanzu ga inda gardamar take. In ka tambayi tsofaffin 'yan wasa, ko ka kalli wasu bidiyoyin koyarwa a YouTube, za a ce maka hannun gaba a miƙe ake ajiye shi, sambal, gwiwa a kulle. Wannan koyarwa tana da asali. Joe Davis, ɗan Ingila, shi ne ya ci gasar sinuka ta duniya ta farko a 1927, ya ci gaba da cinye ta har sau 15, ba a taɓa doke shi a gasar ba har ya daina shiga bayan ta 1946. Littafin da ya rubuta kan yadda yake buga wasan ya zama abin karatun masu koyo shekara da shekaru, kuma miƙaƙƙen hannun gaba yana cikin abin da ya koyar. Steve Davis, wanda ya ci gasar duniya sau 6 tsakanin 1981 da 1989, da littafin nan shi da mahaifinsa suka yi ta gyara bugunsa yana yaro. Ba dangi ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Hujjar miƙe hannu mai kyau ce. Gwiwar da aka kulle ba ta rawa, kuma kullum nisan kanka da ƙwallo ɗaya ne. Amma akwai abu biyu game da Joe Davis da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, ba dogo ba ne. Na biyu, idonsa na dama ba ya gani da kyau, shi ya sa yake ajiye sanda ta gefen hagu na haɓarsa, ƙarƙashin idon da ke aiki. Wato shi kansa mai littafin bai ɗauko tsayuwar wani ya saka ba, ya ɗinka tasa ne daidai jikinsa. Ku je ku kalli manyan 'yan wasan yau. Ronnie O'Sullivan, mai kambun duniya 7, ku duba hannunsa na gaba in ya duƙa, gwiwar a lanƙwashe take. Da yawansu haka suke.

Ga dogo, lanƙwasa gwiwar nan ita ce magani na farko, kuma kyauta ce. Bari mu auna. A ce daga kafaɗarka zuwa gwiwa inci 14 ne, daga gwiwa zuwa inda sanda ke kwanciya ma inci 14. A miƙe, inci 28 ke nan. In ka ɗan karya gwiwar, kusurwar ta zama digiri 140, nisan ya koma inci 26 da ɗan kai. In ka ƙara karyawa zuwa digiri 120, ya koma inci 24 da ɗan kai. Ka ci ribar kusan inci 4 ba ka sayi komai ba. Jikinka gaba ɗaya ya matso gaba da wannan inci 4 ɗin, kafaɗar baya ta biyo, gwiwar baya ta biyo, sai wurin da sangalinka ke ratayewa ya dawo kan itace. Mai tsayin ƙafa 6 zuwa 6 da inci 2, sau da yawa wannan kaɗai ya ishe shi.

Sai dai lanƙwasawar tana da sharaɗi, kuma a nan mutane ke ɓata ta. Karyayyar gwiwa in tana shawagi a iska, rawa za ta yi. In akwai fili, kwantar da sangalin gaban a kan ƙyalle, ko ka jingina shi da gefen tebur, ya zama kana da wurin dogaro tun daga tafin hannu har gwiwa. In ƙwallaye sun cika wurin, to ka ɗaga, amma ka tura kafaɗar gaba ta matso kusa da kumatunka ta tsaya a nan. Ka kula da hannun riga, musamman masu zuwa da kaftani, don a ƙa'ida in tufarka ta taɓa ƙwallo laifi ne. Sannan ka zaɓi karyawa ɗaya ka riƙe ta. Wanda yau ya karya kaɗan, gobe ya karya da yawa, kullum sabon ɗan wasa ne.

Abu na biyu da ke rage nisan hannuwa shi ne yadda ka fuskanci tebur. In ka ba tebur gefe, kamar ɗan dambe, faɗin kafaɗunka ya shiga layin sanda ya ƙara nisan. In ka ɗan juyo da ƙirjinka ya fuskanci tebur, kamar yadda 'yan sinukar Ingila ke tsayawa, wani ɓangare na faɗin nan ya fita daga lissafi. Gwada shi yanzu a inda kake zaune, ka miƙa hannu ɗaya gaba, ka rataye ɗaya a baya, ka juya ƙirji. Za ka ga tazarar tana raguwa tana ƙaruwa.

Ƙafafu kuma, maganarsu gajera ce. Kar ka rage tsawonka da gadon baya, rage shi da ƙafa. Buɗe su fiye da faɗin kafaɗa, ka karya gwiwar ƙafar gaba, in teburin ya yi ƙasa sosai ka ɗan karya ta bayan ma, babu wanda zai kama ka. Ka naɗe daga ƙugu, bayan ya zauna a shimfiɗe. Ba dole ne haɓarka ta taɓa sanda ba. A sinukar asali ana yawan yin haka don teburin dogo ne, ramukan kuma matsattsu. A namu ƙaramin teburin, tazarar yatsa uku ko huɗu tsakanin haɓa da sanda ba ta hana ka ganin layi. In kuma bayan ka gyara duk wannan ciwon baya bai bari ba, wannan ya wuce shirinmu, a je asibiti.

To in an yi duk wannan hannun baya yana nan yana neman zamewa daga gindin sanda fa? Nan ne maganar doguwar sanda ta shigo. Na sha jin ana cewa sanda mai tsawo maguɗi ce, ba a yarda da ita a gasa. Ba gaskiya ba ne. Doka gajarta ta hana, ba tsawo ba. A ƙa'idar pul ta duniya sanda ba za ta gaza inci 40 ba, nauyinta ba zai wuce oza 25 ba, wato kusan giram 700, amma ba a yanke mata iyakar tsawo ba. A sinukar asali kuma mafi ƙaranci ƙafa 3 ne, kuma yadda aka yi wannan doka abin dariya ne. A watan Nuwamban 1938, a wani zauren wasa da ake kira Thurston's a Landan, Alec Brown yana karawa da Tom Newman. Farar ƙwallo ta maƙale a tsakiyar jajaye, babu ta inda sanda za ta shiga. Sai Brown ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar sanda mai tsawon alƙalami, ya goga mata alli, ya buga. Alƙalin wasa ya ce laifi ne. Bayan nan hukumar wasan ta zauna ta rubuta mafi ƙarancin tsawon sanda.

Manyan 'yan pul na Amurka ma suna ƙara wa sandarsu tsawo a bainar jama'a. Earl Strickland, wanda ya ci gasar duniya ta ƙwallo tara sau 3, an san shi da dogayen sanduna. Shane Van Boening, zakaran duniya na 2022 a wannan wasan, da ƙarin da ake ɗaurawa a gindin sanda yake buga wasansa. In waɗannan ba su ji kunya ba, kai da ke buga na hutun yamma a Mabera ko Runjin Sambo me zai ba ka kunya?

Yadda za ka san tsawon da ya dace da kai, ba sai ka je ko'ina ba. Akwai awon da aka saba faɗa, cewa in ka tsayar da sanda a gabanka ta kai tsakanin hammata da kafaɗa. Yana taimakawa, amma tsayi yake aunawa, alhali matsalar a tsawon hannu take. Mu nan Sakkwato mun san wannan, masu haƙa rijiya da gaba suke auna zurfi, wato buɗe hannu biyu, kuma kowa ya san gaban wani ya fi na wani. Mutum biyu na iya yin kai ɗaya, hannun ɗaya ya fi na ɗaya da inci 3. Saboda haka ga awon da na fi yarda da shi. Samo miƙaƙƙen itace da ya fi sanda tsawo, ko da gora ce. Je gaban teburin da ka saba bugawa, ka tsaya yadda muka ce, ƙafa a buɗe, gwiwar gaba a ɗan karye. Bar tazarar ɗani ɗaya da ɗan ƙari tsakanin hannun gaba da bakin itacen, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware su, wajen inci 9 zuwa 10. Bakin itacen ya kusa taɓa farar ƙwallo. Sai ka saki sangalin baya ya rataye da kansa. Abokinka ya tsaya a gefe ya tabbatar a tsaye yake, ko ya ɗauke ka hoto da waya, don ji da jiki yana ruɗi, ni na rantse nawa a tsaye yake har sai da na ga hoton. Ya sa alli a bayan ƙaramin yatsanka. Ku ara tef wurin tela ku auna daga baki zuwa allin, ku ƙara inci 2. Wannan ne tsawon sandarka. Nawa ya fito inci 60.

In naka ya fito 58 ko ƙasa, ba ka da matsalar tsawo, matsalarka sandar rumfa ce, nemi cikakkiya kawai. In ya wuce, hanya biyu ce. Ko ka yi odar doguwa, ana yin masu inci 60 har 62, sai dai ba ko'ina ake samu ba kuma da tsada. Ko ka yi abin da na yi, ka sayi ta yau da kullum mai rabuwa biyu, ka kai wa kafinta mai injin gurza itace ya yi maka ƙari na inci 3 ko 4 a gindi. Ka tsaya a kansa, don abu biyu ke lalacewa. Na farko, dole ƙarin ya zauna a tsakiya daidai, in ya karkace ko kaɗan za ka ji shi a tafin hannu. Na biyu, nauyi. Sandar pul yawanci oza 18 zuwa 21 ce, rabin kilo ko ɗan sama da haka, kuma in ka ɗora ta a yatsa tana daidaita a wajen inci 18 ko 19 daga gindi. Manyan sandunan Ingila da baƙin itace mai nauyi dangin kanya ake yin gindinsu, kaiwa a bakinmu na nan. Kar ka ce a yi maka ƙarin da irinsa don ya yi kyau. Nauyin zai koma baya, kan sanda ya riƙa neman tashi daga hannun gaba. Itace marar nauyi ya fi.

Ga wani tarko da na faɗa da kaina bayan na samu doguwar sanda. Da na ji fili ya samu, sai na ja hannun gaba can baya, na bar wajen inci 15, ina jin kaina kamar ɗan wasan talabijin. Ƙwallaye suka fara ƙin shiga. Dalilin shi ne sikelin nan da muka ambata, wannan karon a gefe. A ce hannun baya yana inci 55 daga kan sanda. In hannun gaba yana inci 10, saura 45 a baya, duk kuskuren inci 1 da hannun baya ya yi zuwa gefe, kan sanda zai kauce da wajen milimita 6. In ka mayar da hannun gaba inci 15, kaucewar ta kai kusan milimita 10. Fatar kan sandar gaba ɗayanta milimita 12 zuwa 13 ce. Tsawon da ka ƙara na hannun baya ne, a bar shi a baya.

Wani ƙanena a unguwa, ɗan aji biyar na sakandare, ya riga ya kamo ni a tsawo. Ran nan na tarar da shi a gefen rumfa yana kallo, ba ya bugawa. Na ce, "Ƙanena, ya ba ka shiga?" Ya ce, "Yaya, ni ba ni iyawa, kullum sai in yi ta sassaƙar ƙyalle." Na ce ya duƙa in gani. Hannun gaba sambal, ƙafafu a haɗe, hannun baya ya kusa shiga ƙirji. Ni ne sak shekara bakwai baya. Ban ba shi sandata ba da farko. Na ce ya buɗe ƙafa, ya karya gwiwar gaba, ya kwantar da sangali. Na jera masa fara da ƙwallo ɗaya a miƙe da rami, na ce ya buga goma. Na farko da na biyu duk waje, don jikin bai saba ba. Daga na biyar sai farar ta fara tsayawa cak a inda ta bugi 'yar'uwarta. Ya ɗago yana dariya. Na ce masa sharaɗina ɗaya, kar ya sa kuɗi a kan wasa, don wanda ke tunanin ɗari biyar ɗin da ya ajiye ba ya tuna gwiwarsa, ga kuma abin da caca ke jawowa wanda duk mun gani a unguwa.

Ga masu tebur kuma, roƙona ƙarami ne. Cikin sandunan da ke rumfarku a bar ɗaya cikakkiya wadda ba a taɓa yanke ta ba, a ajiye ta don dogaye. Kuɗinta bai kai na canza ƙyalle ba.

In ka mallaki taka, kula da ita, don yanayinmu ba ya raga wa itace. Zafin Afrilu da bushewar hunturu duk suna karkatar da sanda, doguwa kuma ta fi saurin nunawa. Kar ka jingine ta a bango a karkace ta kwana, kar ka bar ta a rana ko jikin kwanon rumfa. Ko a kwance a wuri mai laushi, ko a tsaye cak. In kana son ka gwada ta, mirgina ta a kan tebur ka kalli kanta, in yana tsalle ta karkace. Kar kuma ka yi ta canzawa. Stephen Hendry ya ci gasar duniya sau 7 da sanda ɗaya wadda aka saya masa fam 40 yana yaro, har sai da ta karye a cikin kayan jirgi a 2003.

Baba yana nan da rumfarsa. Ranar da na koma da sandata mai ƙari, ya karɓa ya jujjuya ta, ya tsayar da ita kusa da shi ta kusa kai masa kunne, ya ce, "Wagga sanda ko ta kaɗar mangwaro?" Sai da ya tsaya ya kalli bugu uku, idonsa a kan ƙyalle, sannan ya koma kujerarsa.

Wanda ya yi awon nan ya turo mana nawa nasa ya fito, tare da tsayinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.